Shekarar da Muka Sa wa Gadon Malam Tayoyi

Ran sunan ɗiyar 'yar'uwarku Maryam ina zaune a bayan asabari, sai na ji ɗaya daga cikinku tana gaya wa ƙawarta cewa da Baffa Sani ya kula da kakanku yadda ya kamata, da ba mu baro Jidda ba, da kun ƙare karatunku a can. Ba zan faɗi wadda ta yi maganar ba, domin na san ba ita kaɗai ke riƙe da ita ba, kuma na san inda kuka samo ta. Daga shiruna kuka samo ta. Shekara da shekaru ina jin ana faɗar haka a gefe ban gyara ba, saboda labarin a yadda yake ya fi yi mini daɗi. Yanzu Sani ya rasu, ba shi da bakin kare kansa, ko da yake da ransa ma bai taɓa yi ba. Don haka zan rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance.

A lokacin na haura shekara ashirin ina aikin jinya. Na yi a Kano, na yi a Damagaram inda na tsinci Faransanci a bakin likitoci, na yi shekara biyu a Khartum, daga nan sai Jidda. Kowace ƙasa da yadda take riƙon majinyacinta. A Damagaram dangi kan zo da tabarmi da tukwane su yi zango a gindin bishiya, su ne masu wanki, su ne masu ciyarwa. A Khartum mata ke kewaye gado, ba sa barin mara lafiya shi kaɗai ko na ɗan lokaci. A Jidda akwai gado mai tashi da kwantawa idan an danna maɓalli, akwai katifa mai iska, amma tsoho kan wuni babu wanda ya taɓa jikinsa sai mu baƙi da ake biya. Abu ɗaya ne bai canja mini ba duk inda na je, shi ne fatar ɗan Adam. Idan mutum ya daɗe kwance a ɓari ɗaya, nauyinsa yakan danne naman da ke kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu tun daga ciki kafin a ga alama a waje. Balarabe ne ko Babarbare, haka abin yake. Maganinsa kuma ba ya cikin kwalba. A juya mutum duk bayan awa biyu, a tsane masa jiki, a miƙe zanin gado kada ya tattare.

Wadda ta koya mana wannan a makarantar jinya wata tsohuwar Sista ce mutuniyar kudu, mai Hausa a karye. Wata shida na farko ba ta bar ɗayanmu ya riƙe sirinji ba. Gyaran gado, wankan majinyaci, goge baki, juyawa, shi ke nan. Takan bi zanin gado da tafin hannu, in ta ji tattara ɗaya sai ka sake daga farko. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada mu tambayi dangi yadda bayan majinyaci yake, kada ma mu tambayi majinyacin, mu ɗaga mayafi mu duba da idonmu. Ni ma na koya wa ɗalibai wannan da harshe uku. Ku riƙe shi, domin a kansa labarin yake.

Abu na biyu da za ku riƙe shi ne ni ɗan fari ne. Gidanmu a Gafasa Fulani ne da suka ajiye sanda suka ɗauki allo da fartanya, amma kunyar ɗan fari ba a ajiye ta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Malam, mahaifina, ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shiga turakarsa na wuce bakin ƙofa ba. In yana da magana da ni, ko ina durƙushe a gabansa, sai ya dubi Sani ya ce, gaya wa yayanka kaza da kaza. Inna ma haka, in za ta yi mini magana sai ta fuskanci tukunya ko bango. Abokan aikina Larabawa da na ba su labari sun ɗauka ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Mutumin da ba ya kiran sunana shi ne ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe ranar da zan tafi makaranta, bai kuma taɓa ambata ba.

Saƙo ya iske ni a Jidda cewa Malam ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kafin in samu hutu in iso, an riga an kai shi asibiti a Gaya, an saukar masa da hawan jini, an sallamo shi gida. Hutun wata ɗaya aka ba ni. Na iske shi a turakarsa a kan gadon ƙarfe, kwance a ɓarin dama, fuskarsa ga alƙibla, an lulluɓe shi da farin mayafi har wuya. Bakinsa ya karkace, magana tana fita a hankali, amma hankalinsa garau. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya dubi Sani ya ce a yi wa mutumin Makka sannu da hanya, a ba shi ruwa. Na tashi na fita.

A ranar nan Sani ya biyo ni zaure ya ce mini akwai wani wuri a ƙugun Malam da ya yi ja, faɗinsa kamar kwabo. Na ce masa a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a tabbata shimfiɗa a bushe take. Na yi bayani mai kyau, irin wanda nake yi wa ɗalibai. Sani ya ce to. Ban tashi na je na gani ba. Na gaya wa kaina cewa na gaji da hanya, gobe ma rana ce.

Gobe ta zo da 'yan dubiya. Malam ya karantar da mutane shekara hamsin, don haka daga Ajingi, daga Kademi, daga Gaya, har daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, kullum zaure cike. Wajibin ɗan fari ne ya zauna ya karɓe su, ni kuwa na rungumi wannan wajibi hannu biyu. Ya mai jiki? Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Amin, mun gode. Haka na wuni ina faɗa, ina zuba shayi, ina ba da labarin Makka. Sani kuwa shi ne a ciki. Manomi ne, bai taɓa yin kwana ɗaya a makarantar boko ba, amma shi ke ɗaga Malam, shi ke kwashe fitsari da bayan gida, shi ke wanke zannuwa a bayan gida don kada mata su gani, ga shi lokacin shuka ne, gonarsa tana jira. Kowace safiya nakan tambaye shi ko ana juyawa. Yakan sunkuyar da kai ya ce, muna ƙoƙari, Yaya. Na yi aiki a ƙasa huɗu, na san abin da wannan amsa take nufi a kowane harshe. Ban bi ba'asi ba.

Na kuma lura da turare. Ranar da na iso, sau ɗaya Inna ta kai kaskon turaren wuta turakar. Bayan mako ya zama sau uku. Hancina ya san warin da ke ƙarƙashin turaren tun daga tsakar gida, domin hancin ma'aikacin jinya ba ya mantuwa. Sai na ce wa kaina ai warin ɗakin mara lafiya ne.

Rana ta goma sha biyu da hantsi na shigo cikin gida neman ruwan zafi na shayi. Inna tana tsugune a bakin murhu, ta juya mini baya kamar yadda ta saba. Ba ta ɗago ba. Ta yi wa tukunyar magana da Fulatanci, harshen da take komawa gare shi in abu ya kai mata wuya. Ma'anar abin da ta ce ita ce:

"An sayar da saniya an sayo ilimi. Ilimin yana zaure yana shan shayi, mai saniyar yana ruɓewa a ɗaki."

Na ajiye butar a nan. Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na shiga turakar, na ƙetare bakin ƙofar da ban taɓa ƙetarewa ba. Malam yana barci, jikinsa da zafi. Na yi wa Sani alama ya kama kafaɗa, ni na kama ƙugu, muka ɗan karkato shi. Na ɗaga mayafin.

Ba zan kwatanta muku komai da komai ba. Wurin da yake kamar kwabo ya zama rami, faɗin tafin hannuna, gefensa baƙi, tsakiyarsa tana ruwa. Akwai wani ƙarami a idon sawu, wani yana farawa a kafaɗa. Sani ya barbaɗa garin maganin kafso da ya sayo a kemis, ya rufe da tsumma mai tsabta, iyakar abin da ya sani ke nan. Malam kuwa bai ji zafin komai ba, domin ɓarin nan ba ya ji. Na taɓa ganin irin wannan gyambo ya shiga jini ya kashe mutum a cikin mako biyu. Na kuma taɓa tsayawa a gaban iyalin wani tsoho a Jidda ina yi musu faɗa da Larabci a kan wanda bai kai wannan ba.

Na ja Sani waje, bayan rumbu, na fara yi masa faɗa. Na ce ban ce a riƙa juya shi ba? Ya bari na gama, sannan ya gaya mini cewa ya gwada tun ranar farko. Da ya juya Malam hagu, fuskarsa ta koma yamma, sai Malam ya ce a mayar da shi. Ya ce shi mai jiran kira ne, ba zai yarda mutuwa ta iske shi ya juya wa alƙibla baya ba, kuma a dama ya kwanta duk tsawon rayuwarsa. Da gyambon ya buɗe, Malam ya ji wari, ya gane, ya hana a gaya mini, don kada ɗan farinsa ya ga tsiraicinsa.

"Ya ce kada in faɗa maka, Yaya, ni kuwa ba zan saɓa masa ba," in ji Sani. "Shi ya sa kullum nake barin ƙofar a buɗe. Na yi ta jira ka shigo ka gani da kanka."

Wannan ita ce maganar da ban taɓa gaya muku ba. Ranar da na sauka a Gafasa, ja ne kawai, irin wanda kwana uku na juyawa ke gogewa. Duk abin da ya biyo baya, a cikin kwana goma sha biyun da nake zaure ya faru.

Na hau babur na tafi Gaya na ɗauko wani likita da muka taɓa aiki tare. Ya yanke mataccen naman, ya rubuta allurar da za ta kashe zazzaɓin, sannan a bakin ƙofa ya gaya mini abin da na riga na sani, cewa allura ba za ta yi komai ba muddin ana kwantar da shi a kan wurin. Saura in shawo kan Malam, wanda ya farka ya iske abin da aka yi, ya rufe ido ya ƙi yi wa kowa magana, ya ƙi kunu.

Bayan la'asar na shiga na durƙusa, wannan karon a gefen gado. Sani yana tsaye ta wajen kai. Ban ba da haƙuri ba, ban kuma yi bayanin jini da nama ba, domin na san ba ta nan za a kama shi ba. Na ce wa Sani ya gaya wa Malam ɗalibi ya zo da tambaya. Malam ya ce a faɗa. Na ce, mara lafiyan da ba ya iya tsayuwa, ba ya iya zama, yaya zai yi salla? Ya ce a kwance, a ɓarin dama, yana fuskantar alƙibla. Na ce in daman ba ta yiwuwa fa? Ya ce a hagu. Na ce in hagun ma ta gagara? Ya ce rigingine, ƙafafu ga alƙibla, a ɗan ɗaga kai. Yana gama faɗa sai ya buɗe ido ɗaya ya dubi Sani.

"Gaya wa yayanka na ga inda ya dosa. Tarko ya haƙa mini da karatuna."

Na ce a gaya wa Malam ba zan taɓa kawar da fuskarsa daga alƙibla ba. In zai kwanta a hagu, gadon za mu juya, kai ya koma arewa. In rigingine ne, mu miƙar da gadon ƙafafu su dubi gabas. Shi dai ba zai ga yamma ba. Sannan ya kawo ɗaya damuwar, wadda ita ce babba. Ya ce wa Sani, akwai abin da ɗa ba ya gani a jikin ubansa, balle na fari.

Na ce a gaya masa yadda aka koya mana wankan majinyaci. Ana lulluɓe shi duka, a buɗe hannu ɗaya a wanke a tsane a rufe, sannan a buɗe ɗayan. Ba a taɓa buɗe wuri biyu a lokaci ɗaya. Tsakanin cibiya da gwiwa kuwa, hannu ke shiga ƙarƙashin mayafi da tsumma, ido ba ya bi, kuma wannan Sani ne zai ci gaba da yi. Ni iyakata gyambon, zan yanka rami a zani daidai faɗinsa, abin da zan gani ke nan.

"Wankan gawa ke nan," in ji Malam.

"A gaya wa Malam wankan mai rai ne," na ce. "Masu wankan gawa a wurinmu suka koya."

Wani sauti ya fito daga karkataccen bakinsa, wanda na daɗe kafin in gane dariya ce. Ya ce a kawo kunun.

Washegari muka ɗora ƙafafun gadon a babur zuwa wurin wani mai walda a Gaya, ya liƙa musu ƙananan tayoyi huɗu. Muka fitar da akwatunan littattafai daga turakar don gado ya samu wurin juyawa, Sani ya sake daɓe ƙasan ya yi sumul. Agogo ɗaya ne a gidan, nawa, don haka na ɗaura aikin a kan abin da kowa ya sani: asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, azahar, la'asar, kafin magariba, bayan isha, sauran kuma ni da Sani muka raba tsakaninmu. Muka shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, da shi muke ɗaga shi, don kada a ja shi fata ta saluɓe. Na koya wa Sani ya danna yatsa a duk inda ya ga ja, in ya ɗaga wurin bai yi fari ba, to a kiyaye shi. Na koya masa kada ya murza wurin da ya yi ja, kada ya bar ɓarɓashin abinci a shimfiɗa, ya sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don digadigai su rataya a iska. Kullum sau biyu ina wanke gyambon da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, in cika shi da bandeji mai laima, in rufe. Ba ma ba shi abinci sai mun zaunar da shi, kunu mai kauri a ƙaramin cokali ta lafiyayyen gefen baki, domin ruwa tsararo yana sarƙe shi. Inna ta koma dafa wake da ƙwai da kifi, tana dama fura da nono mai yawa, saboda na ce nama ba ya tsirowa da kunu kaɗai. Bayan kowane ci a goge masa baki da harshe. Safe da yamma mu miƙe masa mataccen hannun da ƙafar mu lanƙwasa, kada su ƙage.

Sani ya fi ni hannu. Wannan ma ku sani. Na yi aiki da ma'aikatan jinya daga Indiya da Masar da Filifin, kaɗan ne a cikinsu suka kai shi iya ɗaga mutum ba tare da ya ji an ɗaga shi ba. Abin da ya rasa a kwanakin nan goma sha biyu ba kula ba ce. Ya rasa wanda zai tsaya kusa da shi ya ce wa Malam a'a, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne yake da ilimin da zai iya faɗar haka.

Hutuna ya ƙare gyambon bai ko fara cikowa ba. Na nemi ƙari, aka ba ni mako biyu, aka ce in ban koma ba za a ba wani gurbina. Na san irin wannan rami yana cin watanni, na kuma san juyawar nan aikin mutum biyu ne. Sani ya ce in tafi, zai nemi wanda zai kama masa. Malam ya ce a gaya wa mutumin Makka ya koma bakin aikinsa, yana da iyali. Babu wanda ya roƙe ni in zauna. Ni na zauna, kuma ba don na fi kowa jin ƙai ba. Ramin nan ni na haƙa shi, ban ga yadda zan bar wa Sani cikewa ba. Na rubuta takardar ajiye aiki, na aika wa mahaifiyarku ta haɗa kaya ta taho da ku.

Na san abin da wannan ya ci muku. Kun baro makaranta mai fanka da motar ɗauka, kuka dawo gidan haya a Gaya, kuna tafiya a ƙasa, yara suna yi muku dariya saboda Hausarku tana da Larabci a ciki. Babbarku ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba. Mahaifiyarku ta sayar da abin da ta sayar ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙanta. Daga baya na samu aiki a wani ƙaramin asibiti, a nan na ƙare har na yi ritaya, ban sake fita ƙasar waje da sunan aiki ba. Da kuka tambayi dalili a lokacin, aka ce muku an bar kakanku ya yi gyambo. Ba a ce wa ya bari ba, ku kuka cike sauran, ni kuma na ƙyale ku.

Gyambon ya ɗauki wata bakwai. Da farko baƙin ya tafi, sannan jan nama mai kyau ya fara tasowa daga ƙasa kamar tsiron gero, sannan gefen ya riƙa matsowa. Ina auna shi da zare duk Juma'a, in ƙulla, in rataye a ƙusa. Inna takan shigo in ba na nan ta gwada zaren wannan mako da na wancan. Ranar da ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi kamar an liƙa fatar albasa, na ce wa Sani ya gaya wa Malam daga yau zai iya kwanciya a damansa, amma na ɗan lokaci kaɗan, sannan mu juya. Muka tura gadon, kai ya koma kudu. Ya kwanta ya yi ajiyar zuciya, ya yi ta motsa baki.

Ya ƙara shekara ɗaya da wata biyu bayan haka. Ɗalibansa manya suka dawo ɗaukar karatu a bakin gadon, sun saba har in lokaci ya yi sukan tashi da littattafansu su matsa, a juya gado, su sake zama ta inda fuskarsa take. Har ya rasu bai kira sunana ba, kada ku yi tsammanin zan ce muku ya kira. Amma akwai wata walaha, Sani ya tafi gona, ina zaune a ƙasa ina naɗe bandeji, hankalina ya tafi wani wuri har lokaci ya gota. Babu kowa a ɗakin da Malam zai aika. Sai na ji ya ce:

"Kai. Lokaci ya yi."

Shekarata arba'in da bakwai a duniya, wannan ce magana ta farko da ya yi mini baki da baki. Na tashi na kira Inna ta kama mini zanin, muka juya shi.

Ya rasu da rana tsaka, ranar Talata, a ɓarinsa na hagu, kansa a arewa, fuskarsa ga alƙibla. Limamin da ya yi masa wanka, tsohon ɗalibinsa ne, ya fito yana tsane hannu ya ce bai taɓa wanke wanda ya yi kusan shekara biyu a kwance ba ya iske jikinsa babu miki ko ɗaya. Jama'a suka juyo suna dubana, suna cewa ai ga amfanin ilimi. Sani yana tsaye a gefe, riƙe da butar. A nan ya kamata in yi magana, a gaban kowa. Ban yi ba.

Ku je Gafasa ku gai da iyalin Baffanku, ku karanta musu wannan. Gadon yana nan a ɗakin Sani da tayoyinsa, a kansa shi ma ya yi jinyarsa ta ƙarshe, 'ya'yansa suna juya shi yadda suka ga yana yi.

Ranar jana'izar, ni da shi muka shiga kabarin Malam. Sani ya kama kafaɗa, ni na kama ƙugu, kamar kullum. Muka kwantar da shi a damansa, a kan tabon nan, muka daidaita fuskarsa ga gabas. Ina ɗagowa sai na ga Sani ya sunkuya yana bin likkafanin da tafin hannu, ya iske wata 'yar tattara a ƙarƙashin ƙugun, ya ja ta ta miƙe, sannan ya miƙo mini hannu muka fito.